In koma sabuwar babbar manhaja ko in zauna a kan tsohuwar? Tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ake ta maimaita min, daga mai laftop ɗin karatu har wanda da kwamfutar yake neman na kansa. Sai na ga gara in tara su wuri guda, na fara da na farko-farko sannan na gangara zuwa masu ɗan zurfi. Yawancinsu a kan Windows ne don ita aka fi tambaya, amma akwai na Mac da na Linux can ƙasa.

Wai mece ce babbar manhajar ma, kuma me ake nufi da a ɗaga ta?

Babbar manhaja ita ce wadda take fara tashi in ka kunna kwamfuta, ita ke riƙe da komai, ita ke haɗa sauran manhajoji da sikirin da kibod da firinta da intanet. Windows kenan, ko macOS a kwamfutocin Apple, ko wani nau'i na Linux. Su Word da Chrome duk a kanta suke zaune, in ta girgiza su ma sai sun girgiza.

Abu biyu ne mutane ke yawan cakuɗawa. Akwai afdet ɗin wata-wata, ƙananan gyare-gyaren da Microsoft ke saki a Talata ta biyu ta kowane wata, wannan kam ba abin shawara ba ne, ka bar shi ya shiga kawai. Sannan akwai ɗagawa gaba ɗaya, wato ka bar Windows 10 ka koma Windows 11, ko ka bar wani zubi na macOS ka hau na gaba. Wannan na biyun shi ne ake tsayawa a yi tunani a kansa, kuma shi muke magana a kai a nan.

Kwamfutata lafiya lau take aiki, me zai sa in taɓa ta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce ma'ana, kuma ina tare da mai ita rabi. In dalilinka na ɗagawa shi ne ka ga ta abokinka ta fi kyau a ido, alamomin sun dawo tsakiya, kusurwoyin taga sun lanƙwasa, toh gaskiya wannan bai kai dalilin da za ka tayar da kwamfutar da ke maka aiki ba. Amma akwai abin da ido ba ya gani. Kowace babbar manhaja tana da kafofi da ba a gano ba tukuna, kullum masu kutse suna nema, masu kamfanin ma suna nema, in aka gano sai a yi faci a turo maka ta afdet. Ranar da kamfanin ya janye hannunsa daga zubin da kake kai, kafofin ba su daina fitowa ba, facin ne kawai ya daina zuwa. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya ƙara sa lamarin muni shi ne tsohuwar da sabuwar suna da tushe guda a wurare da yawa. In aka yi faci a Windows 11, masu kutse suna zama su duba me aka gyara, sannan su je su gwada ko irin wannan kafar tana nan a Windows 10, sau da yawa kuma tana nan ɗin, a buɗe, babu mai zuwa ya toshe.

Wanda yake ganin kamar tsoratarwa ce ya tuna muguwar manhajar nan WannaCry a watan Mayu 2017. Microsoft ta riga ta fitar da facin tun watan Maris, amma ɗimbin kwamfutoci ba su saka ba, sai abin ya bi layin sadarwa yana tsalle daga wannan zuwa waccan ba tare da kowa ya danna komai ba, yana kulle fayiloli yana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya da yawa. Duk waɗancan kwamfutocin lafiya lau suke aiki ana gobe abin zai faru.

Ta yaya zan san wacce nake kai, da kuma ko wa'adinta ya ƙare?

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver ka buga Enter, ƙaramar taga za ta fito da sunan Windows ɗin da lambar zubinta, kamar 22H2 ko 24H2. Sai ka gwada da waɗannan ranakun: XP an janye mata hannu ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 ranar 10 ga Janairu 2023, ita kuma Windows 10, wadda ta fito tun Yuli 2015, nata wa'adin ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi, ko kana kan Windows 11 ɗin ma ba ka gama ba. Duk shekara ana fitar da sabon zubi, kuma a Home da Pro kowane zubi wata 24 yake samu na kulawa. Wanda ya hau 21H2 ko 22H2 ya kashe afdet ya manta, shi ma yanzu a kan matacciya yake duk da sunanta 11.

Idan wa'adin ya ƙare kwamfutar mutuwa za ta yi?

A'a sam. Za ta tashi, fayilolinka suna nan, Word zai buɗe, babu wanda zai kashe maka ita daga nesa. Abin a hankali yake zuwa. Da farko facin tsaro ya tsaya, daga nan masu sauran manhajoji su fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Haka aka yi wa Windows 7, Chrome ya tsaya mata a zubi na 109 a farkon 2023, Firefox ya tsaya a 115, kuma da zarar burawuza ta tsufa sai ka ga wasu shafukan sun ƙi buɗewa daidai, musamman na banki da na ayyukan hukuma.

Ga masu Windows 10 akwai ƙarin wa'adi da Microsoft ta buɗe mai suna ESU, wanda lokacin da aka buɗe shi aka ce ga mutum ɗaya mai kwamfutarsa zai kai zuwa 13 ga Oktoba 2026. Sai kana kan 22H2 na Windows 10 kuma ka shiga da asusun Microsoft, kuma facin tsaro ne zalla, babu sabon abu ko ɗaya. Ni dai ina kallonsa a matsayin lokacin shiri, ka samu sararin gwada manhajojinka da tsara abin da za ka yi, ba wurin da za ka shimfiɗa tabarma ka zauna ba.

Ina da anti-bairos mai ƙarfi, bai isa ba?

Yana taimakawa amma aikinsa daban ne. Anti-bairos mai gadi ne, yana duba abin da ya shigo ko ya san fuskarsa, shi kuma faci gyaran katangar ne kanta. In kafar tana can cikin tushen Windows, mugun abu yana iya shiga ta ƙarƙashin mai gadin ma, wani lokacin har ya kashe shi kafin ya yi motsi. Ka riƙe anti-bairos ɗinka, amma kar ka ɗauka ya maye gurbin abin da aka bayyana a tambaya ta biyu.

Kwamfutata za ta iya ɗaukar Windows 11 kuwa?

A nan ne mafi yawan mutane ke cin karo da bango, don Windows 11 da ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021 ta zo da sharuɗɗa masu tsauri fiye da na baya. Tana son furosesa mai bit 64, babu zubin bit 32 kwata-kwata, RAM aƙalla gig 4, ma'ajiya gig 64, tsarin tashi na UEFI mai iya Secure Boot (tsaron da ke hana baƙuwar manhaja tashi tare da kwamfutar), da kuma sashen tsaro na TPM 2.0. Amma sharaɗin da ya fi kayar da kwamfutoci shi ne shekarun furosesar. A Intel sai ƙarni na 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen 2017, a AMD kuma galibi daga Ryzen jerin 2000, duk da akwai 'yan tsiraru a ciki da ba su shiga ba.

Kar sunan i5 ko i7 ya ruɗe ka, lambar da ke bayansa ce abin dubawa. i5-8250U ƙarni na 8 ne, ya shiga. i7-6500U ƙarni na 6 ne, bai shiga ba duk da i7 ne kuma yana gudu da kyau. Hanya mafi sauƙi dai ka sauke PC Health Check daga shafin Microsoft, za ta duba ta faɗa maka takamaimai wane sharaɗi ne ka faɗi. Ka karanta abin da ta ce da kyau kafin ka yanke ƙauna, don wani faɗuwar gyaransa na minti biyar ne, duba tambaya ta gaba.

Gig 4 ɗin nan kuma mafi ƙaranci ne na ta tashi, ba na a ji daɗin aiki ba. Da gig 4 ka buɗe burawuza da shafuka bakwai sai ka ji tana nishi. Gig 8 ne abin da zan ce wa mutum ya fara da shi.

Ta ce min ba ni da TPM ko Secure Boot, shikenan sai sabuwar kwamfuta?

Dakata tukuna. TPM wani ɗan sashe ne na tsaro da ke ajiye makullan sirri nesa da sauran manhajoji, kuma a kwamfutoci da yawa yana nan a cikin furosesar, kashe shi kawai aka yi a BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi. Ka rubuta tpm.msc a wannan akwatin na Windows da R ka ga me zai ce. In ya ce babu, ka shiga BIOS lokacin da kwamfutar ke tashi, yawanci da F2 ko F10 ko Del, ka nemi PTT in Intel ce, ko fTPM in AMD ce, ka kunna ka ajiye. Na ga kwamfutoci da dama da aka riga aka yanke musu hukunci, ashe wannan ne kawai.

Na Secure Boot ya fi ɗan sarƙaƙiya. In an saka maka Windows ɗin a tsohon tsari, wato Legacy da faifai mai tsarin MBR, kuma ka je ka juya BIOS zuwa UEFI kai tsaye, kwamfutar ba za ta tashi ba sai ka mayar. Sai an fara juya faifan zuwa sabon tsari na GPT, akwai abin da ke yin haka a cikin Windows mai suna MBR2GPT. In ba ka saba da irin wannan aikin ba dan Allah ka samu wanda ya iya, kuma ka kwashe fayilolinka tukuna kamar yadda ke cikin amsar da ta shafi ɓacewar fayiloli.

An ce akwai hanyar tsallake sharuɗɗan nan, in bi?

Akwai, ba ƙarya ba ne. Rufus ma, wadda ake haɗa filash ɗin sakawa da ita, tana da wurin da za ka danna ta cire dubawar TPM da sauransu, kuma sau da yawa Windows 11 ɗin tana tashi ta yi aiki. Matsalar ita ce Microsoft ta faɗa ƙarara cewa irin wannan kwamfutar ba ta da tabbacin samun afdet, kuma a aikace zubin shekara-shekara ba ya zuwa mata da kansa, sai ka sake yin dabarar da hannu duk lokacin da wa'adi ya ƙare. Daga 24H2 kuma akwai tsofaffin furosesoci sosai da ko da dabara ba za ta tashi a kansu ba saboda tana buƙatar wasu umarni da babu su a cikinsu.

Ra'ayina, in kwamfutarka ce ta gwaje-gwaje kuma kana son irin wannan wasan, bismillah. In kuwa ta wani ce da zai tafi da ita bai san me aka yi mata ba, ko wadda aikinka ya dogara a kanta, ban ba da shawara ba, don bayan shekara biyu zai koma inda ya fito, a kan zubin da babu faci, kuma yana zaton yana cikin tsaro.

Za ta ƙara sauri ko nauyi za ta yi?

A kwamfutar da ta cika sharuɗɗa bambancin gudu tsakanin 10 da 11 ba wani mai yawa ba ne, mafi yawan mutane ba za su ji ba. Wanda ya ce tasa ta ƙara sauri bayan ya ɗaga, sau da yawa fomatin ɗin da aka yi ne ya share tarkacen shekaru, ba sabuwar Windows ɗin ba ce.

In nauyi ne damuwarka, duba faifan. Kwamfutar da har yanzu take kan tsohon faifai mai juyawa za ta yi ta jan ƙafa ko wace Windows ka saka mata, ka sa mata SSD, wato sabon faifan da ba ya juyawa, kuwa sai ka rantse an canza ta. Bayan shi sai RAM. Waɗannan biyun sun fi kowace ɗagawa tasiri a kan gudu. Ka kuma sani kwana ɗaya ko biyu na farko bayan ɗagawa fanka za ta yi ta ƙara, batir ya yi saurin sauka, saboda tana jera fayiloli tana sauke ragowar afdet, wannan yana lafawa da kansa.

Fayilolina za su ɓace?

In ta Windows Update ka ɗaga, ko ka zaɓi a bar maka fayiloli da manhajoji lokacin sakawa, a ƙa'ida komai yana nan yadda ka bar shi. Amma ƙa'ida daban, abin da kan faru daban. A Oktoba 2018 sai da Microsoft ta janye wani babban afdet na Windows 10, zubin 1809, saboda ya goge wa wasu mutane fayiloli. Wuta tana iya ɗaukewa a tsakiyar aiki, faifan da dama ya fara gajiya yana iya ƙarasa mutuwa a lokacin saboda rubutun da ake yi masa da yawa. Saboda haka ka kwafe komai zuwa faifan waje ko ma'ajiyar intanet, sannan ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar sun kwafu da gaske, ka kuma zare faifan kafin ka fara. Kwafin da ke wani ɓangare na faifan cikin kwamfutar ba bakof ba ne, in faifan ya tafi tare za su tafi.

Kar ka manta da abubuwan da ba sa cikin Documents: kalmomin sirrin da burawuza ta riƙe maka, lambobin lasisin manhajojin da ka saya, saƙonnin imel da ke ajiye a kwamfutar, da bayanan manhajar lissafi in kana da ita.

Sai batun BitLocker, wannan ina so a kula da shi sosai don ya sa mutane kuka. A sabbin zubin Windows 11, musamman daga 24H2, in aka saka ta sabuwa fil kuma ka shiga da asusun Microsoft tana iya kulle faifan da kanta ba tare da ta tsaya yi maka dogon bayani ba. Abu ne mai kyau in an sace laftop, amma wata rana in aka taɓa BIOS ko aka canza wani sashe sai ta nemi makulli mai lamba 48. Makullin yana cikin asusun da aka shiga da shi. In wani ne ya saka maka da nasa asusun, ko ka manta naka, toh fayilolin sun tafi, babu mai gyaran da zai buɗe. Ka shiga da asusunka na kanka, ka nemo makullin tun ranar farko ka rubuta shi a takarda.

Manhajojina da firintata za su yi aiki a sabuwar?

Kusan duk abin da ke aiki a Windows 10 yana aiki a 11. Inda ake samun cikas shi ne tsofaffin na'urori da manhajoji na musamman: firinta ko sikana da kamfaninta ya daina fitar mata da direba (ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da Windows), manhajar lissafi ta shekaru goma sha, abin da ke aiki da ɗan makullin da ake soka wa a USB, na'urar awo da ke haɗe da kwamfuta. Internet Explorer ma babu shi a 11, sai dai wani yanayi a cikin Edge da ke kwaikwayonsa, WordPad kuma an cire shi a 24H2. Office 2016 da 2019 su ma ranar 14 ga Oktoba 2025 wa'adinsu ya cika.

Akwai wani da na taɓa taya ɗagawa, komai ya tafi daidai, sai da gari ya waye ya zo buga takardu muka ga na'urar da ke yanka masa sitika ta ƙi magana da kwamfutar, direbanta ya tsaya tun zamanin Windows 7. Sai komawa baya muka yi, ya yi asarar yini guda na aiki. Tun daga ranar kafin in taɓa kwamfutar kowa sai mun zauna ya lissafa min abubuwa biyar da ba zai iya aiki babu su ba, mu duba shafin kowanne mu ga ko ya ambaci sabuwar Windows ɗin. In abu guda da kake samun kuɗi da shi bai shiga ba, wannan dalili ne mai ƙarfi na jinkirtawa, sai ka karanta amsar da ta shafi kwamfutar da ba ta hawa intanet.

In ɗaga a kan ta da, ko in yi fomatin in saka sabuwa fil?

In kwamfutar tana lafiya, ɗaga a kan ta da, ya fi sauƙi, manhajojinka suna nan, kuma kana da damar komawa. In kuwa dama tana da matsala, tana maƙalewa, tallace-tallace na faɗo maka, ko ba ka san me da me aka taɓa saka mata ba, fomatin ya fi, don ɗagawa tana kwaso ciwon ne ta kai shi sabon gida. Filash mai gig 8 ya isa, kuma ka haɗa shi da Media Creation Tool daga shafin Microsoft kanta. Kafin ka goge komai ka sauke direban Wi-Fi ɗinka ka ajiye a gefe, don Windows 11 tana neman intanet lokacin saiti, kuma abin haushi ne ka tsaya a nan babu hanyar haɗawa.

In ban ji daɗinta ba zan iya komawa?

Kwana 10 kake da su. Ka shiga Settings, System, Recovery, ka danna Go back. Tsohuwar tana ajiye a wata folda mai suna Windows.old, bayan kwana goman sai a share ta, in kuma kai ka share ta da wuri don neman fili toh ka rufe wa kanka ƙofa. Wanda ya yi fomatin ba shi da wannan damar tun farko.

Saboda haka kwanakin nan ka yi amfani da su da gangan, ka buga takarda, ka gwada kyamara da makirufo, ka buɗe kowace manhajar aiki. Amma ka bambanta abin da ya lalace da abin da ba ka saba da shi ba. Maɓallin Start da ya koma tsakiya ana mayar da shi hagu a saitin Taskbar, jerin da ke fitowa in ka danna dama kuma tsohon yana nan a ƙarƙashin Show more options. Waɗannan mako guda ya isa hannu ya saba.

Kyauta ce ko sai na sayi lasisi?

In Windows 10 ɗinka ta gaske ce kuma tana a kunne, hawa 11 kyauta ne, Home ta koma Home, Pro ta koma Pro, lasisin yana manne da kwamfutar. Tsohuwar hanyar amfani da lambar Windows 7 ko 8 kuwa an rufe ta a 2023. Ka guji kwafin da wani ya yi wa kwaskwarima ya ce ya rage mata nauyi, da ƙananan manhajojin kunna lasisi na bogi, domin ka ɗaga ne don tsaro, ba ma'ana ka miƙa wa wanda ba ka sani ba makullin tushen kwamfutarka.

Sabon zubi ya fito yau, in hau yanzu?

In wadda kake kai tana samun faci, babu abin da ke korarka. Makonnin farko ne ake gano matsalolin direbobi da na wasu manhajoji, ka bar masu kwamfutar gwaji su fara shiga. Ni nakan jira wata biyu zuwa uku. In Windows Update ba ta miƙo maka shi ba alhali kwamfutarka ta cika sharuɗɗa, wani lokacin da gangan ne aka riƙe saboda an san akwai matsala da wani sashe irin naka, kar ka tilasta. Kuma kar ka ɗaga ana saura kwana biyu jarrabawa ko miƙa aiki, komai kyawun abin da aka ce maka.

Ni Mac gare ni, duk wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka, sai dai tsarin ya ɗan bambanta. Apple duk shekara take fitar da sabon macOS kyauta, kuma a al'adarta na yanzu da biyun da suka gabace shi ne ke samun facin tsaro, kenan zama baya da zubi ɗaya ba laifi, baya da huɗu kuwa matsala ce. Masu Mac sun ɗanɗana irin wannan a 2019 da Catalina ta daina buɗe manhajojin bit 32 gaba ɗaya, mutane suka wayi gari tsofaffin manhajojinsu sun ƙi tashi. Yanzu kuma Apple ta ce macOS Tahoe 26 shi ne na ƙarshe ga masu furosesar Intel, tunda ta koma nata tun daga M1 a 2020. A Mac babu maɓallin komawa baya irin na Windows, don haka ka yi bakof da Time Machine kafin ka taɓa komai, shi ne hanyar dawowarka.

Kwamfutata ba ta cika sharuɗɗa ba kuma ba ni da halin canzawa, Linux fa?

Hanya ce ta gaske, kuma ina jin takaicin yadda ake jefar da kwamfutoci masu rai saboda lambar furosesa kawai. Linux Mint tsarinta ya yi kama da Windows, wanda ya saba da 7 ko 10 ba zai ɓata ba. Ubuntu tana fitar da zubi mai dogon wa'adi duk shekara biyu a watan Afrilu, kamar 24.04, da kulawar shekara biyar. Kyauta ne, kuma suna tafiya da kyau a kan i5 ɗin da Windows 11 ta ƙi. In aikinka burawuza ne, imel, kallo, rubutu da lissafi a LibreOffice, ba abin da za ka rasa.

Inda ba ta yi ba shi ne in kana dogara da Photoshop ko CorelDRAW ko Microsoft Office na kan kwamfuta, waɗannan ba su da zubin Linux, kuma madadinsu sai ka sake koyo. Abin daɗin shi ne za ka iya tayar da ita daga filash ka gwada Wi-Fi da sauti da firinta ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba, in ba ta yi maka ba ka zare filash ɗin kawai.

Tawa ba ta hawa intanet, aiki guda take yi, dole sai na ɗaga?

Ba dole. Kwamfutar da ke tuƙa wata na'ura ko wata tsohuwar manhaja, kuma da gaske ba ta haɗe da komai, tana iya zama a kan tsohuwar Windows shekaru. Amma "ba ta hawa intanet" ɗin ya zama na gaske, a cire mata Wi-Fi, kar wani ya jona wayarsa don ya duba abu na minti ɗaya. Haɗarin da ya rage shi ne filash, duk wanda za a soka mata a fara duba shi a wata kwamfutar mai faci. Ka kuma ɗauki hoton faifan gaba ɗaya ka ajiye, don ranar da ya mutu samo direbobin nan zai yi wuya. Harkar banki da imel kuwa a yi su a wata na'urar daban.

In kwamfutar wurin aiki ce ba taka ba, kar ka ɗaga da kanka ko da ta nuna maka saƙon, ka tambayi mai kula da kwamfutocin, wataƙila akwai manhajar da suke jira a gyara.

Na yanke shawara zan ɗaga, me zan yi a ranar?

Ka zaɓi ranar da ba ka da aikin gaggawa, bakof ɗinka a kammale kuma a zare. Ka saka duk afdet ɗin da ke jira a tsohuwar tukuna, ka duba shafin kamfanin kwamfutarka ko akwai sabon BIOS da direbobi, ka tabbatar akwai fili a faifai, gig 30 ko fiye ya fi kwanciyar hankali. Ka jona caja ko da batir ɗin a cike yake, ka zare firinta da duk abin da ba dole ba. In datarka mai awo ce ka sani abin da za a sauke ya kai gig da dama, bayan an gama ma akwai ragowa. Anti-bairos na wani kamfani daban yakan kawo cikas, in ka cire shi na ɗan lokaci Defender na cikin Windows zai riƙe wurin.

Za ta kashe kanta ta kunna sau da yawa, wani lokacin lambar ta tsaya wuri guda kamar ta maƙale. Kar ka danne maɓallin kashewa, ka ba ta aƙalla awa biyu in fitilar faifan tana motsi. In ta gama ka sake shiga Windows Update har sai ta ce babu saura, ka nemo makullin BitLocker, sannan ka ɗauko jerin abubuwa biyar ɗin nan naka ka fara gwada su ɗaya bayan ɗaya tun kwana goman ba su fara tafiya ba.